Ya Iya, Ya Sani, Amma Bai Tuna Ba: Nazarin Lamarin Wani Tela a Kumasi

A wani shagon ɗinki a Aboabo, cikin Kumasi, akwai dattijon da ke yi mini maraba sau uku ko huɗu a zama ɗaya. In na shiga ya gaishe ni, ya tambayi mutanen gida. In na leƙa waje na sayi ruwan leda na dawo, sai ya ɗago kai daga kan keke ya ce, "A'a, 'yata, yaushe a gari?" Ni ma'aikaciyar jinya ce, a layinsu na girma, shi ya ɗinka mini kayan makarantata na farko. Iyalinsa sun yarda in rubuta lamarinsa bisa sharaɗin kada in ambaci suna, don haka Baba zan kira shi, kamar yadda kowa ke kiransa.

Yadda abin ya fara

Shekarunsa 62 lokacin da ciwon ya same shi. Tela ne tun yana saurayi, na kaftani da babbar riga, ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo, ya kuma haddace izu da dama. Ba shi da hawan jini, ba shi da ciwon suga. Zazzaɓi da ciwon kai suka kama shi, aka yi abin da kowa ke yi a Zango: aka sayo maganin maleriya a kantin magani. Rana ta uku ya ce yana jin ƙaurin roba, aka duba ko'ina ba abin da ke ƙonewa. Da dare ya kira matarsa da sunan mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa. Rana ta huɗu ya faɗi yana jijjiga, sannan aka kwashe shi zuwa asibiti.

Gwajin maleriya bai nuna komai ba. Likitoci suka ɗebi ruwan gadon bayansa, kuma ba su jira sakamako ba suka fara ba shi maganin asaikilobir ta jijiya, don sun yi zargin kumburin ƙwaƙwalwa na ƙwayar cutar hafis. Ita ce dai ƙwayar da ke fito wa mutum da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi. Yawancinmu muna ɗauke da ita ba ta yi mana komai, amma nadiran takan hau ƙwaƙwalwa, kuma in ba a yi magani ba kusan bakwai cikin goma ba sa tashi. Mako uku ya yi ana ba shi maganin. Hoton MRI ya nuna tabo a ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwarsa, can ciki daura da kunnuwa, inda wannan ƙwaya ta fi son sauka. Ƙaurin robar ma daga nan ya fito, don cibiyar jin ƙamshi maƙwabciyar wurin ce.

Ya tashi da ƙafarsa, magana garau, ya gane matarsa da 'ya'yansa. Aka yi murna, aka yi sadaka. Sai da aka dawo gida aka ga abin da ya rage. Ya ci tuwo, an kwashe kwano, ya ce yaushe za a kawo abinci. Ya yi Azahar, ya sake ɗaukar buta. Aka gaya masa ya yi mako uku a asibiti, ya yi mamaki, ya yi salati. Bayan minti goma aka sake gaya masa, ya sake yin mamakin nan sabo ful.

Rigimar cikin gida

Abin da ya raba kan gidan shi ne abin da bai ɓace ba. Babban ɗansa ya same ni wata rana ya ce, "Anti, mutumin da ke jan suratul Baƙara ba tuntuɓe, ya yanka kaftani ba kuskure, a ce bai san ya ci abinci ba? Wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa masa." Ƙanin Baba kuma nasa zargin daban ne. Ya ce ya lura Yaya ba ya manta komai sai bashi. Mma, matar Baba, ba ta ce komai ba, sai kuka a ɗaki, don ta fara tunanin ko da gangan yake tambayarta abu ɗaya sau ashirin.

Ban ga laifinsu ba. Duk mun ɗauka tunawa rumbu ɗaya ce: in wuta ta ci, ta ci duka, in ta bar rabi to akwai lauje cikin naɗi. Amma harshenmu ya riga mu gane cewa ba haka ba ne. Bahaushe yana cewa na tuna ranar aurena, na san Tamale tana arewa, na iya keke, na haddace Yasin, na saba da hanyar nan. Ba wanda zai ce "na tuna keke" yana nufin ya iya tuƙawa. Kalmomi ne daban don abubuwa ne daban, kuma a cikin kai ma ba wuri ɗaya suke zaune ba. Masanin halayyar ɗan Adam Endel Tulving ya raba biyun farko a 1972: tunawa da abin da ya faru da kai a wani wuri a wani lokaci, da kuma sani wanda ba ya ɗauke da ranar da aka koye shi. Baba ya rasa ikon yin sabon "na tuna". Sauran yawanci suna nan.

Abin da na gwada

Ba gwajin ƙwararru ba ne, irin na bakin gado ne da kowace ma'aikaciyar jinya ta sani. Na faɗa masa lambobi ya maimaita: shida yana kawowa daidai, wani lokaci bakwai. Wannan lafiya lau ne. Tun 1956 George Miller ya ƙiyasta cewa abin da mutum ke riƙewa a kai lokaci guda bai wuce bakwai ba, ko a ƙara biyu ko a rage biyu, kuma masu bincike na baya sun ce in aka hana mutum dabarar haɗa abubuwa rukuni-rukuni, abin ya fi kusa da huɗu. Wannan riƙo na ɗan lokaci aikin gaban ƙwaƙwalwa ne da maƙwabtansa, ciwon bai taɓa can ba. Shi ya sa Baba yake iya auna kafaɗa, ya riƙe inci 18 a kai har ya kai almakashi. Amma in wani ya yi sallama tsakanin awo da yanka, shi ke nan, lambar ta tafi, har da sanin cewa ya yi awon.

Sai na ba shi kalmomi uku: goro, jirgi, fitila. Ya maimaita. Muka yi hirar ƙwallo minti biyar, na ce ya kawo kalmomin. Ya dube ni ya ce, "Waɗanne kalmomi, 'yata?"

Hirar ƙwallon kuwa ita kanta gwaji ce. Ya ba ni labarin yadda Kumasi ta kwana ba barci a 1983 da Kotoko ta ci kofin Afirka, shekarar da yunwa da gobarar daji suka addabi Ghana, aka kuma koro 'yan ƙasar daga Najeriya. Ya tuna 1969, yana ɗan shekara goma, da gwamnatin Busia ta ba baƙi wa'adin barin ƙasa, ya ga maƙwabta suna sayar da gado da tukwane a bakin hanya. Har launin motar da ta kwashi abokinsa ya faɗa mini. Amma shekara biyu ko uku na dab da ciwon sun zama kamar tsumman da gara ta ci. Jikarsa da aka haifa shekara guda kafin ya kwanta, shi ya yi mata huɗuba, bai san da ita ba. Tun 1881 Bafaranshe Théodule Ribot ya lura da wannan tsari: sabon abu ke fara tafiya, tsoho ya fi jurewa.

Kuɗi ma haka. Ya kwanta kafin tsadar 2022, shekarar da hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, don haka kullum da safe sai ya yi faɗa da mai koko a kan farashin ƙosai. Ɗansa ya kawo mini ƙarar cewa wani lokaci da tsohon sidi yake lissafi, na kafin 2007, yana kiran miliyoyi. Na ce wannan kam ba ciwo ba ne, rabin 'yan kasuwar Kejetia haka suke yi har gobe.

Mutumin Amurka da ya riga shi

Abin da ya ɗan kwantar da rigimar gidan shi ne da na ba su labarin cewa an taɓa yin irin Baba, kuma da wuƙar likita aka yi, ba da asiri ba. Henry Molaison, wanda duniya ta sani da H.M. har ya rasu a 2008, yana fama da farfaɗiya mai tsanani. A 1953, yana da shekara 27, likita William Scoville ya yi masa tiyata a Hartford ta Amurka, ya cire sashen ciki na ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwarsa, har da mafi yawan wani abu da ake kira hifokamfas. Sunan na wani ɗan kifin teku ne mai kai irin na doki, don siffarsu ta yi kama. Kowa yana da biyu, dama da hagu, kowanne bai fi ɗan yatsa ba. Farfaɗiyar ta yi sauƙi. Amma daga ranar bai ƙara ajiye sabon abin da ya faru da shi ba, shekara 55. Hankalinsa na nan, maganarsa na nan, yarintarsa na nan.

Brenda Milner, wadda ke zuwa daga Montreal tana nazarinsa, ta sa shi bin layin zanen tauraro da fensir alhali ba ya ganin hannunsa sai ta madubi. Aiki ne mai wuya, duk wanda ya gwada ɗaure ɗankwali a madubi karon farko ya san yadda hannu ke bijirewa. Kwana uku yana yi, kullum kuskurensa na raguwa, kullum kuma yana cewa bai taɓa ganin wannan aiki ba. Hannu ya koya, mai hannun bai sani ba. Daga nan aka tabbatar cewa "na iya" ba ta bi ta hifokamfas. Hanyarta ta wasu curin jijiyoyi ce da ke can gindin ƙwaƙwalwa, da ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya.

To me hifokamfas ɗin ke yi? Da yaren Baba na yi wa 'ya'yansa bayani. Abin da ya faru da kai ƙyallaye ne a warwatse: fuskar baƙo tana wani sashe na ɓawon ƙwaƙwalwa, muryarsa tana wani, ƙamshin turarensa wani, wurin da kuka zauna wani. Kafin tela ya kai riga keke, yakan yi mata ɗinkin riƙo da hannu, allura tana tsalle, don ƙyallayen su tsaya tare. Hifokamfas ke wannan ɗinkin riƙo. Daga baya, duk lokacin da aka tuno abin, musamman kuma cikin barci mai nauyi inda ƙwaƙwalwa ke maimaita abin da ta gani da rana, ƙyallayen suna haɗuwa da junansu kai tsaye, har a wayi gari ko an zare zaren riƙon riga ba ta rabuwa. Rigunan 1969 da 1983 an daɗe da kai su keke. Na shekarun dab da ciwo suna kan riƙo aka tsinke zaren. Na yau kuwa ba mai riƙe su ko kaɗan. Masana suna da saɓani kan ko tsohon tunani yana rabuwa da hifokamfas gaba ɗaya, amma a kan Baba misalin ya zauna.

Shi ɗinkin kansa a mahaɗar jijiyoyi yake. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana miƙa saƙo ga dubbai ta wasu 'yan mahaɗai. A 1973 Tim Bliss da Terje Lømo suka nuna a hifokamfas na zomo cewa in aka yi ta aika saƙo ta hanya ɗaya a jere, mahaɗar tana ƙara ƙarfi, ƙarfin kuma ya daɗe sa'o'i. Eric Kandel, wanda ya samu kyautar Nobel a 2000, ya yi nasa aikin a kan wata dodon koɗin teku mai manyan jijiyoyi, ya gano bambanci mai muhimmanci: riƙon ɗan lokaci ƙara ƙarfin mahaɗar da ke nan ne kawai, amma ajiya mai daɗewa sai ƙwayar ta ƙera sababbin sinadaran gina jiki ta tsiro da sababbin mahaɗai. Gini ne na gaske, yana son lokaci da maimaici. Malaman allo ba su san sunan ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma tsarinsu ke nan: a rubuta kaɗan, a yi ta biyawa da ƙarfi, a kwana a kai, a kawo hadda, sannan a wanke allo, a kuma riƙa tishi kada ya gudu. Haddar Baba ta fi shekara hamsin tana shan tishi a salla da tilawa. Ba ta bukatar allo kuma.

Keken lantarki

Wata shida bayan sallamarsa, ƙaramin ɗansa da ke aiki a Tema ya sayo masa keken ɗinki na lantarki, don ƙafarsa ta fara gajiya da na takawa. Na so in hana, ina ganin wahala za a ƙara masa. Na yi kuskure. Ranar farko zare ya yi ta tsinkewa, gudun keken ya firgita shi. Yaron shagonsa ya riƙa nuna masa hanyar zare kullum da safe. Cikin mako uku Baba yana saƙa zaren ido rufe, ƙafarsa ta san daidai inda za ta danna a kan kwana. Kuma kowace safiya, yana cikin saƙa zaren, sai ya ce, "Kai, keken wa aka kawo mana?" Ranar da babban ɗan ya ga wannan da idonsa, ya daina maganar asiri. Bai daina karɓo rubutu ba, ni ma ban ce ya daina ba. Addu'a ba ta hana shan maganin farfaɗiyar da likita ya rubuta, shi ne kawai sharaɗina.

Abin da zuciya ke riƙewa

Nan ne lamarin ya fi mini nauyi. Wani mai kaya ya zo karɓar babbar rigar Salla, aka tarar Baba ya karɓi yadin ya ajiye bai rubuta ba, ba a ɗinka ba. Mutumin ya yi masa tsawa a gaban jama'a. Bayan rabin sa'a Baba bai san an yi ba. Amma yinin nan duka bai ci abinci ba, yana ta cewa ransa a ɓace yake, bai san dalili ba. Kuma daga ranar, in mutumin ya gifta, sai Baba ya kau da kai ya ce wannan fuskar ba ta kwanta masa ba.

An daɗe da ganin irin wannan. A 1911 likita Édouard Claparède na Geneva ya ba da labarin wata majinyaciya da ba ta gane shi duk da kullum suna haɗuwa. Wata rana ya ɓoye allura a tafin hannu ya gaisa da ita. Da ya sake miƙa hannu daga baya ta ƙi karɓa, ba ta kuma iya faɗin abin da ya faru ba. Tsoro da ɓacin rai suna da tasu ma'ajiya, wata 'yar curi mai suna amigdala da ke gaban hifokamfas. Cutar hafis takan cinye ta ita ma, amma ta Baba ba ta lalace duka ba.

Sai aminin Baba na tun makarantar allo ya rasu. Aka gaya masa, ya yi kuka, ya je jana'iza. Washegari ya ce bari ya leƙa Alhaji, kwana biyu bai gan shi ba. Aka sake gaya masa. Ya sake jin mutuwar karon farko. Sau biyar aka yi haka cikin mako guda kafin Mma ta ce ya isa. Ƙaninsa ya ce ƙarya haram ce, ba zai ce wa Yaya mamaci yana raye ba. Ni ra'ayina, wanda har yanzu nake kai, shi ne tsakanin yin ƙarya da buga wa mutum labarin mutuwa kullum akwai fili mai faɗi. In ya ambaci Alhaji, a ce, "Allah sarki, Baba, ba mu labarin zamanku a makaranta." Yawanci labarin yake so. In kuwa ya tsaya ya tambaya kai tsaye ko yana raye, a gaya masa gaskiya a hankali, a zauna da shi har abin ya lafa, don baƙin cikin zai fi labarin daɗewa a jikinsa.

Abin da aka canza

Na farko, an hana kowa yi masa jarrabawa. "Baba, ka gane ni? Wane ne ni?" ba ta farfaɗo da komai, kunya kawai take bari. Akwai ma dalili na ilimi: Alan Baddeley da Barbara Wilson sun nuna a 1994 cewa masu irin wannan mantuwa sun fi koyo in ba a bar su sun yi kuskure ba, don in suka yi cinke suka faɗi ba daidai ba, kuskuren ne ke zama sabo, gyaran kuma ba su tuna shi. Yanzu duk mai shigowa shi ke fara faɗin sunansa.

Karɓar aiki da kuɗi ya koma hannun yaron shago, yanka da ɗinki na Baba. Kowane yadi ana maƙala masa takarda da suna da awo da rana. Salla a jam'i yake yi, bin liman ya ɗauke masa ƙirgen raka'a, in ya dawo kuma ya ja layi a allon da aka rataye bayan ƙofa, ya rubuta da ajami da hannunsa, don rubutun wani ba ya yarda da shi. Jan layin ma sai da ya zama sabo, wata biyu ana kama hannunsa. Hanyar masallaci da gida ya sani tun da. Sabuwar kasuwar Kejetia kuwa ba ya shiga shi kaɗai.

Ba a yi masa alkawarin warkewa ba. Bambancinsa da mai cutar mantuwa ta Alzheimer, wadda ita ma daga yankin hifokamfas take farawa, shi ne nasa ya zo cikin mako guda ya tsaya, ba ya ci gaba. Kuma sabon sani yana ɗan shiga ta doguwar hanya, da maimaici mai yawa, H.M. ma ya iya zana taswirar gidan da ya koma bayan tiyata, bayan ya shekara da shekaru a ciki.

Jikar nan da bai san da ita ba yanzu ta shiga makaranta. Kullum in ta taso sai ta biya shago, ta ce, "Kaka, ni ce," ta faɗi sunanta, kamar yadda aka koya mata. Watan jiya ina zaune ta shigo da gudu, kafin ta buɗe baki ya kira sunan. Mma ta saki abin da ke hannunta. Na ce, "Baba, 'yar wa ce wannan?" Na san na karya dokar da ni na kafa. Ya dubi yarinyar ya daɗe, ya ce bai sani ba, amma dai tasu ce. Sannan ya jawo tef daga wuyansa ya ce ta tsaya ya auna ta, rigar nan ta yi mata kaɗan.